LUWIS BIREL: ƊAN BADUKUN DA YA ƘAGO RUBUTUN MAKAFI

Kowace ranar Jumma'a, a ƙofar masallatan da Hausawa ke salla a Asata cikin garin Inugu, haka kuma a Anaca da Fatakwal, ba a rasa ganin makafi sun jeru da ƙoƙunansu suna bara, da yawansu kuwa daga Arewa suka gangaro. A cikinsu akwai tsofaffi, akwai kuma yara ƙanana waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, domin iyayensu sun ɗauka wanda ya rasa ido ya rasa rabonsa na karatu ke nan. Alhali kuwa tun cikin shekarar 1824 aka sami hanyar da makaho zai yi karatu da rubutu da yatsunsa ba tare da ɗan jagora ba. Wanda ya ƙago wannan hanya shi kansa makaho ne, yana da shekara 15 kacal a lokacin. Sunansa Luwis Birel, mutumin ƙasar Faransa, wanda Turawa ke rubuta sunansa Louis Braille. Ga tarihinsa.

ASALINSA DA YADDA YA MAKANCE

An haifi Luwis ran 4 ga watan Janairu, 1809, zamanin mulkin Napoliyon, a wani ƙauye da ake kira Coupvray, kimanin mil 25 gabas da birnin Faris. Ubansa, Simon-Rene, baduku ne mai ɗinka sirdi da ragama da sauran kayan doki, sunan uwarsa Monique. Su huɗu ne wajen iyayensu, shi ne auta.

Kamar kowane ɗan baduku, Luwis ya tashi yana wasa a rumfar ubansa cikin fatu da zare. Wata rana cikin 1812, yana da shekara uku, sai ya ɗauki wani ƙarfe mai kaifi daga cikin kayan aikin uban yana so ya huda fata yadda ya ga ana yi. Ƙarfen ya kuɓuce ya soke shi a ido ɗaya. A zamanin nan babu maganin da zai hana irin wannan rauni ruɓewa, don haka ciwon ya ci wannan ido, sa'an nan ya harbi ɗayan. Kafin ya cika shekara biyar ya makance sarai.

A Faransa ta wancan lokaci yawancin makafi bara suke yi a ƙofar coci da bakin kasuwa, ba su da wani bambanci da namu. Amma iyayen Luwis ba su sa shi wannan hanya ba, ba su kuma ɓoye shi a ɗaki ba. Uban ya sassaƙa masa sanda, ya bar shi yana yawo cikin ƙauye har ya san kowace hanya. Ana kuma ba da labari cewa uban yakan buga ƙusoshi a jikin katako cikin siffar baƙaƙe, ya kama hannun yaron ya bi da shi a kansu ɗaya bayan ɗaya.

Limamin cocin ƙauyen, Fada Palluy, ya lura da kaifin basirar yaron, ya riƙa koya masa abubuwa da baki. Daga baya ya roƙi malamin makarantar ƙauyen, Antoine Becheret, ya karɓe shi cikin aji tare da masu ido. Luwis ya zauna yana saurare, abin da malam ya faɗa sau ɗaya ya haddace, har ya zama yana cikin na gaba a ajin. Duk da haka idan aka ce a buɗe littafi ko a ɗauki alƙalami, sai ya zauna hannu sake, 'yan'uwansa suna aiki.

MAKARANTAR MAKAFI TA FARIS

A birnin Faris akwai wata makarantar kwana ta yara makafi, wadda take cikin na farko irinta a duniya. Wanda ya kafa ta wani tafinta ne mai ido, sunansa Valentin Hauy. A cikin 1771 ya je wata kasuwar buki a Faris, ya tarar an ɗora waɗansu makafi a kan dandamali, an sa musu hulunan wawaye da tabarau na kwali, an ba su kayan kiɗa suna ta kaɗe-kaɗe barkatai, jama'a kuwa suna ta sheƙa dariya. Abin ya ɓata masa rai ƙwarai, ya ƙudura sai ya koya wa makafi karatu. A cikin 1784 ya sami almajirinsa na farko, wani saurayi mai bara a ƙofar coci, sunansa Lesueur. Da yake gidansu da kuɗin baran suke ci, sai Hauy ya riƙa biyansa daga aljihunsa gwargwadon abin da yake samu a bara, don dai ya zauna ya yi karatu. Daga nan makarantar ta samo asali.

Fada Palluy ya yi ta faɗi-tashi har aka samo wa Luwis gurbi a wannan makaranta. Cikin watan Fabrairu, 1819, yana da shekara 10, ubansa ya raka shi Faris. Ginin tsoho ne, ga duhu ga danshi, har an taɓa mayar da shi gidan yari zamanin juyin mulkin Faransa. Abinci ba ya isa, horo kuwa da tsanani. Ana koya wa yaran kiɗa da sana'o'in hannu kamar saƙa da ɗinkin takalma, tare da lissafi da tarihi da labarin ƙasa.

Abin da ya kai Luwis shi ne littafi, nan ne kuwa ya sha mamaki. Littattafan da Hauy ya shirya, baƙaƙen boko ne na masu ido aka yi su manya-manya, aka danna su a kan takarda mai kauri da aka jiƙa, har suka yi tudu. Yaro zai bi kowane baƙi da yatsa, ya zagaya lanƙwasarsa, ya gane shi, sa'an nan ya wuce na gaba. Kafin ya kai ƙarshen jimla sau da yawa ya manta farkonta. Saboda girman baƙaƙen, ƙaramin littafi sai ya zama kundi-kundi masu nauyi, ga tsadar bugawa, don haka 'yan kaɗan ne makarantar ke da su. Babban abin takaici kuma shi ne yaro ba shi da ikon rubuta kome da kansa wanda zai iya komawa ya karanta. Waɗanda suka tsara abin masu ido ne, sun auna shi da abin da ya yi wa ido kyau. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

ƊIGO GOMA SHA BIYU

A cikin 1821 aka kawo wa makarantar wata sabuwar dabara daga wani tsohon hafsan sojan igwa, Charles Barbier. An daɗe ana cewa ya ƙago ta ne don sojoji su riƙa aika wa juna saƙo da dare ba tare da kunna fitila ba, amma masu bincike na baya-bayan nan da suka duba takardunsa sun nuna cewa nufinsa shi ne sauƙaƙa rubutu ga waɗanda rubutun boko ya gagara, har da makafi. Dabararsa ita ce a bar siffar baƙaƙe gaba ɗaya, a riƙa huda ɗige-ɗige masu tudu a takarda da tsinke, ana bin wani ɗan allo mai ramuka.

Sabon shugaban makarantar, Dokta Pignier, ya ba yaran su gwada. Nan da nan suka gane cewa yatsa ya fi saurin jin ɗigo a kan layi mai lanƙwasa, ga shi kuma a karo na farko suna iya rubutu da hannunsu. Amma akwai cikas. Kowace alama ta Barbier tana iya kai ɗigo 12, layi biyu a tsaye, shida-shida, tsawon ya fi ƙarfin kan yatsa, sai an yi sama an yi ƙasa ana ƙirgawa. Bugu da ƙari, irin wanda aka kawo musu sautin magana yake bi, babu alamar tsayawa, babu ta lissafi, babu ta kiɗa.

Luwis yana da shekara 12 a lokacin. Ya ɗauki allon da tsinken ya shiga gwaji. Da dare bayan 'yan'uwansa sun yi barci yana huda takarda, lokacin hutu a Coupvray ma haka. Duk abin da ya tsara sai ya miƙa wa 'yan ɗakinsu su shafa, su faɗa masa wanda yatsa ya gane da wanda ya rikice, ya koma ya gyara. Shekara uku yana wannan aiki. A cikin 1824 ya kai wa Dokta Pignier abin da ya samu.

YADDA RUBUTUN YAKE

Abin da Luwis ya yi shi ne ya raba alamar Barbier biyu, ya mayar da ita ɗigo shida, daidai abin da kan yatsa ɗaya zai rufe a taɓawa ɗaya. Kowane gurbi yana da layi biyu a tsaye, uku a hagu uku a dama. Na hagu daga sama zuwa ƙasa su ne 1, 2, 3, na dama kuwa 4, 5, 6. Idan aka ta da waɗansu aka bar waɗansu, ana samun alamu iri 63 daban-daban, waɗanda sun ishi baƙaƙe da wasula da alamun tsayawa da lissafi.

Ya kuma jera su yadda yaro zai riƙe da sauƙi. Harafin a ɗigo na 1 ne shi kaɗai. Harafin b na 1 da na 2. Harafin c na 1 da na 4. Haruffa goma na farko, watau daga a zuwa j, da ɗigo huɗu na sama kaɗai ake yin su. Goma na biye, daga k zuwa t, su ne dai waɗancan goma, sai a ƙara musu ɗigo na 3. Saura kuma a ƙara musu na 3 da na 6. Harafin w ne kaɗai ya fita daga wannan jeri, domin Faransanci bai cika amfani da shi ba, sai daga baya aka ƙara shi. Wajen lissafi, akwai wata alama da ake sa wa a gaba, sai haruffa goman farko su koma 1 zuwa 9 da sifiri. Saboda haka yaron da ya san goman farko ya riga ya ci rabin aikin.

Wajen rubutu, ana matse takarda cikin allon, ana huda ta da tsinke daga baya. Da yake ta baya ake hudawa, mai rubutu daga dama yake farawa ya nufi hagu, kamar yadda almajiri ke yi a allonsa. In ya gama sai ya juya takardar ya karanta daga hagu zuwa dama.

A cikin 1829, yana da shekara 20, aka buga ɗan littafinsa na farko mai bayanin hanyar, har da yadda za a rubuta kiɗa da ita, kuma a ciki bai ɓoye ba ya yaba wa Barbier a kan shi ya fara kawo dabarar ɗigo. A cikin 1837 ya sake fitar da shi da gyare-gyare, ya cire 'yan sanduna da ya sa a bugun farko saboda yatsa yana rikita su. A wannan shekara ce makarantar ta buga wani littafin tarihin Faransa da sabon rubutun.

MALAMI DA MAKAƊI

Luwis bai bar makarantar ba har ƙarshen ransa. A cikin 1828 aka naɗa shi ƙaramin malami, a 1833 ya zama cikakken malami, yana koyar da nahawu da lissafi da labarin ƙasa da kiɗa. Almajiransa sun shaide shi da haƙuri da sauƙin hali, a zamanin da bulala ita ce abokiyar malami. Ya kuma gwanance wajen kaɗa ogan, watau babban abin kiɗan nan na coci mai bututu, har waɗansu manyan coci-coci na Faris suka ɗauke shi yana kaɗa musu. Ɗan albashin da yake samu, da shi yake saya wa yara matalauta takarda da kayan rubutu, yana kuma ranta wa mabukata. A cikin 1839 ya sake fito da wata dabara ta zana baƙaƙen boko da ɗige-ɗige, don makaho ya iya rubuta wa danginsa masu ido wasiƙa, wani abokinsa makaho mai suna Foucault ya ƙera na'urar yin haka.

Tun yana da shekara ashirin da 'yan kai ya fara tari yana tofar da jini. Tarin fuka ne ya kama shi, cutar da ta kashe yara da yawa a wannan gini mai danshi. Daga nan sai ya riƙa komawa ƙauye yana hutawa, in ya ji sauƙi ya dawo aji.

AN HANA, YARA SUN ƘI BARI

A cikin 1840 aka sauke Dokta Pignier, mataimakinsa Dufau ya hau. Shi kuwa ba ya son rubutun ɗigo. Ra'ayinsa da na waɗansu malamai masu ido shi ne, idan makafi suka riƙe rubutun da mai ido ba ya iya karantawa, za su ware daga sauran jama'a. Akwai kuma tsoron kada makafi su iya koyar da junansu har a daina bukatar malamai masu ido. Dufau ya hana amfani da rubutun Luwis a aji, ya sa aka ƙwace alluna da tsinkaye, aka kuma ƙone littattafai da dama da aka buga zamanin magabatansa.

Yaran suka ƙi bari. Da aka ƙwace tsinkaye sai suka koma hudawa da ƙusa da cokali mai yatsu da allurar saƙa. Manya suna koya wa sababbin shiga da dare a ɗakin kwana, wanda aka kama a hore shi, gobe ya koma. Luwis kuwa yana fama da ciwo, bai yi rigima da kowa ba, ya ci gaba da koyarwarsa. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Mataimakin Dufau, Joseph Guadet, ya ga yadda yaran ke gudu cikin karatu da ɗigo, ya shawo kan maigidansa. Ran 22 ga watan Fabrairu, 1844, ranar bukin buɗe sabon ginin makarantar, aka yi gwaji a gaban manyan baƙi. Aka fitar da yaro ɗaya waje, wani daga cikin baƙi ya yi shifta, wani yaro ya rubuta da tsinke. Sa'an nan aka shigo da na waje, ya ɗora yatsunsa a takardar ya karanta tsaf ba tuntuɓe. Daga ranar aka sake wa rubutun mara a makarantar.

RASUWARSA

Ciwo ya ci gaba da cin Luwis har ya rage koyarwa. Cikin watan Disamba, 1851, ya kwanta, ran 6 ga watan Janairu, 1852, ya rasu a ɗakin jiyya na makarantar, kwana biyu bayan ya cika shekara 43. Bai yi aure ba. An ce cikin kayansa an sami wani ɗan akwati da ya bar wasiyya a ƙone, da aka duba sai aka tarar takardun bashin da yake bin mutane ne. Aka kai gawarsa Coupvray aka binne. Jaridun Faris ba su kula da rasuwarsa ba.

Sai a 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa, hukuma ta amince da rubutun sosai. A Ingila wani likita da idonsa ya raunana, Dokta Armitage, ya kafa ƙungiya a 1868, ya tara makafi su da kansu su gwada hanyoyin rubutu iri-iri, suka zaɓi na Luwis. A 1878 wani babban taron ƙasashen Turai a Faris ya amince da shi. Amurka ta daɗe tana gardama kafin ta bi sahu. Daga baya aka daidaita shi da Larabci, har ga shi an buga Alƙur'ani mai girma da shi, makafi suna tilawa da yatsa. Hausa da Yarabanci da harshen Ibo duk an tsara musu nasu, har da alamun ɓ da ɗ da ƙ.

A cikin 1952, shekara 100 da rasuwarsa, Gwamnatin Faransa ta tono ƙasusuwansa ta kai su Pantheon, babban ginin da take binne gwarzayenta a Faris. Mutanen Coupvray suka roƙa a bar musu wani abu, aka bar musu ƙasusuwan hannuwansa, suna nan cikin wani ɗan akwati a kan tsohon kabarinsa. Gidan baduku kuma an mayar da shi gidan tarihi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar haihuwarsa, 4 ga Janairu, ta zama ranar rubutun makafi ta duniya, aka fara bukinta a 2019.

A NAN GIDA NIJERIYA

A cikin 1953 'yan mishan suka buɗe makarantar yara makafi a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yanzu. A 1962 aka buɗe makarantar Pacelli a Ikko. A Kano akwai ta Tudun Maliki, a Oji River kuma, kan tsohuwar hanyar Inugu zuwa Anaca, akwai cibiyar koyar da makafi, wadda ba ta da nisa da mazauna Asata. Waɗanda suka bi ta irin waɗannan makarantu sun zama malamai da lauyoyi da ma'aikatan gwamnati.

Malaman wannan fanni ba da takarda suke fara wa yaro ba, da wasa suke farawa, irin wanda kowace uwa za ta iya yi a tsakar gida. Ana haɗa wake da masara da gyaɗa a faifai a ce yaro ya ware su, ko a ba shi duwatsun wuya ya zura a zare, don yatsunsa su yi kaifi. Sa'an nan a haƙa ramuka shida a ƙasa kamar na dara, uku a hagu uku a dama, a ba shi tsakuwa. Tsakuwa ɗaya a ramin sama na hagu, ya rubuta a ke nan. Ya ƙara ɗaya a ƙarƙashinta, ya zama b. Inda babu ƙasa, kwalin ƙwai mai gurbi shida ya isa. Ana kuma liƙa sunan yaro da ɗigo a jikin kwanonsa da akwatinsa, ya riƙa cin karo da shi kullum. Idan hannu ya saba sai a koma ga ƙananan ɗige-ɗige na takarda, a koya masa bin layi da hannu biyu, daga nan a ba shi allo da tsinke.

Allon da tsinken ba su da wata tsada, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saura ga iyaye, da sarakunan Hausawa na Kudu, da sarakunan makafi, su bincika yara nawa ne a unguwanninsu suka isa shiga makaranta amma suna bakin masallaci da ƙoƙo, su kai sunayensu ofishin ilmi ko ofishin jin daɗin jama'a mafi kusa, a nema musu gurbi kamar yadda limamin ƙauye ya nema wa ɗan baduku a 1819.